Abin Da Ya Fita Gonarmu Da Araha, Kada Ya Dawo Mana Da Tsada

Jawabin kwamitin gudanarwa a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, a garin Liba

  

  Waɗanda munka faro tafiyar nan tare da su, sunka riga mu gidan gaskiya, Allah shi jiƙan su, shi albarkaci bayansu.

Lissafin shekara ma'aji za ta karanta shi in mun sauka, don haka ba za mu shiga gonarta ba. Mu abin da anka ɗora mana magana ɗaya ce, maganar cefane: yadda za mu rage abin da muke kashewa wajen kayan leda da na gwangwani, ta hanyar haɗa su da hannunmu.

Ba sai mun gaya wa kowa an shiga tsada ba, tukunya ta riga mu faɗi. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da anka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, duk abin da ke hawa mota kuma ya bi shi. Bayan 'yan makonni naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su daga waje sunka ƙara kuɗi. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100. Ma'ana, abincin da kinka saya naira 1,000 a Yunin 2023, bayan shekara ɗaya sai kin ba da wajen 1,400. Kuɗin cefane kuwa, a gidaje da yawa, yana nan inda yake.

To, mu duba inda kuɗin ke zurarewa. Tuwo dai hatsinmu ne. Shinkafa, alhamdu lillahi, Kebbi ta yi suna da ita a ƙasar nan. Abin da ke cinye 'yan canjin hannunmu kullum shi ne ƙananan abubuwa: magi, tumatirin leda, kori, ƙullin mai, taliya, garin kunun yara na kanti, lemun roba na 'yan makaranta. Kowanne in kinka dube shi shi kaɗai, sai ki ce ai ba wani kuɗi ba ne. Amma da yayyafi kogi kan cika. A ce gida yana jefa magi 6 a tukunya kowace rana, na rana da na dare. A wata ya zama 180, a shekara 2,190. Ko da a naira 25 ake sayen ƙwaya ɗaya, kuɗin shekara ya kama naira 54,750. Magi kaɗai ke nan, ba a zo kan tumatir da mai ba. Kowace ta koma gida ta buga nata lissafin da farashin yau.

Kuma mu tambayi kanmu, me muke biya in mun sayi ledar tumatir mai giram 70? Muna biyan tumatir, gaskiya ne. Muna kuma biyan ledar, da man motar da ta ɗauko ta daga nesa, da ribar dila, da ribar mai shago, da kuɗin tallar da muke ji a rediyo. Kowa a cikinsu halalinsa ya ci, ba mu zargi kowa ba. Sai dai tumatir da tattasai da albasa a fadamunmu ake noma su. Albasar Aliero har kudu da ƙasashen maƙwabta ake loda ta. Lokacin da kaya sunka yi yawa, manomi na roƙon a saya kafin su ruɓe a hannunsa. Bayan wata biyar ko shida, matarsa ce a bakin shago tana sayen ƙulli da tsada. Wannan ita ce ɓarakar da muke so mu ɗinke.

Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ɗanɗanon miya. Kakanninmu sun yi miya mai daɗi tun ba a san magi ba, kuma da daudawa sunka yi ta. Ana dafa kalwa ta daɗe kan wuta har ɓawon ya saki, a sussuke, a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando a rufe da ganye ko buhu kwana biyu zuwa uku har ta nuna, sannan a kirɓa a shanya. Aikin na cin itace, kalwa kuma ta yi tsada saboda itatuwan ɗorawa sun ragu. Don haka ga ta waken suya: a soya waken, a ɓarza a fece ɓawon, a dafa, a rufe ta nuna kamar waccan. Ta fi sauƙin itace. Akwai kuma daudawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa, tsofaffinmu da ke zaune a nan sun san ta. In kinka daka busasshiyar daudawa da gabu, da citta da masoro da kanumfari da 'yar tafarnuwa, da ɗan busasshen kifi in da hali, kin sami garin miya da zai yi watanni a kwalba mai murfi. Ba mu ce a daina magi ba. Mai jefa shida ta koma uku, ta cike da garin nan, rabin waccan naira dubu hamsin da 'yan kai ya tsaya a gida. Ga kuma ribar lafiya. Kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Hawan jini kuwa kun san yadda ya yi yawa a cikinmu.

Na biyu, kayan miya. Tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, shi ya sa yake saurin lalacewa, shi ya sa kuma kwando guda in ya bushe ba ya cin wuri. Kauɗa ba sabon abu ba ce a wurinmu. Abin da ke sa wasu gidaje ƙyamar ta shi ne yashi da baƙin da take yi, kuma duk daga shanya ne. A zaɓi nunanne mai lafiya, a wanke, a yanka, a shanya bisa tabarma ko tanti mai tsabta a kan rumfa ko gado, nesa da ƙasa da awaki. Ban da bakin titi. A kwashe kafin raɓa ta sauka. In ya bushe ƙayau sai a niƙa tare da busasshen tattasai, a zuba a mazubi mai murfi. Haka albasa: wadda ta fara nuna alamar ba za ta ajiyu ba, a yanka siriri a busar. Lawashin da ake zubarwa a gona lokacin cirar albasa shi ne gabu, in an kirɓa an dunƙula an shanya. Kuɓewa da kuka da zogale da karkashi duk su sami wuri. Ganye a inuwa ake busar da shi don kada ya ƙone ya rasa amfaninsa.

Na uku, mai. Gyaɗa abu biyu take bayarwa a aiki ɗaya: mai da ƙuli-ƙuli. Mai sana'ar ta sani, sau da yawa kuɗin ƙulin ke mayar da babban kaso na kuɗin gyaɗar, man ya zo gida da sauƙi. Ƙulin kuma shi ne yajinmu, shi ne na kwaɗon zogale da rama, shi ne abin taunawar yara maimakon biskit.

Na huɗu, kuma wanda ya fi taɓa zukatanmu, kunun yara. Uwa ta ga gwangwanin kanti mai hoton jariri ɓulɓul, ta ciyo bashi ta saya, sannan ta riƙa tsinka shi da ruwa don ya kai ƙarshen wata. Yaro na sha, cikinsa na cika, jikinsa bai samu ba. Alhali akwai haɗin da ma'aikatan lafiya sunka daɗe suna koyarwa: awo 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a busar, a soya kowanne daban har ya yi ƙamshi, a cire ɓawon waken da na gyaɗar, a haɗa a niƙa a tankaɗe. Waken suya dole ya soyu sosai, ɗanyensa na ɓata ciki. A dama da kauri, a dafa shi ya dahu. Amma a ji da kyau: wata shida na farko nono ne zalla, ko ruwa ba a ƙarawa. Daga wata shida ake fara kunun, a ci gaba da shayarwa. Yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa sunka kumbura, asibiti za a kai shi a ranar, kada a tsaya ana dama kunu.

Na biyar, abin sha. Zoɓo da tsamiya da kunun aya da kunun zaƙi sun ishe mu, sun ishi baƙo. Sharaɗin kawai ruwa mai tsabta, tafasasshe in ba a amince da rijiyar ba, da roba wadda kinka san asalinta. Robar da anka tsinto a bola ko bakin asibiti ba ta shiga gidanmu. Amai da gudawa in ya shiga gida, ranar ɗaya yana cinye abin da anka tara a shekara.

Yanzu ga inda muke so a natsu. Ba kowane abu ne yin sa a gida ya fi araha ba. Wadda za ta yi lissafi ta sa komai a ciki: kuɗin kaya, kuɗin niƙa, itace ko gawayi, ruwa, abin da ya zube ko ya lalace, da kuma wuninta, domin wunin mace kuɗi ne. In da ba ta tsaya wannan aiki ba, da ta yi ɗinki ko kitso ko ta soya ƙosai. Ku ɗauki taliyar murji. Fulawar saye ake yi, alkamar da ake yin ta kuwa mafi yawanta daga waje take zuwa. Wani lokaci in kinka buga lissafi, bambancinta da ta kanti bai taka kara ya karya ba, sai in an sayi fulawar buhu guda an raba. Abin da ke da riba ta tabbas shi ne wanda asalinsa ke fitowa a gonakinmu.

Akwai kuma abubuwan da ya kamata mu ci gaba da saye. Gishiri a sayi na leda mai sinadarin aidin, wanda doka ta wajabta sa wa gishirin ci a Najeriya tun 1993. Shi ke hana maƙoƙo, yana kuma taimakon ƙwaƙwalwar jaririn da ke ciki. Haka man kamfani da sukari da fulawa, doka ta sa a riƙa ƙara musu bitamin A, mai kare ido daga dundumi. Man gyaɗarmu na gida ba shi da wannan ƙarin. Don haka gidan da ya koma man gida ya riƙa haɗawa da manja, da zogale da alayyafo da karas da kabewa, da mangwaro in lokacinsa ya yi.

Sai maganar ajiya, domin araha ba ta da amfani in za ta kai mu gadon asibiti. Gyaɗa da masara in sun sha danshi suna yin hunhuna mai fitar da wata guba da likitoci ke kira afalatoksin. Suya ba ta kashe ta, dahuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Duk ƙwayar da ta yamushe, ko ta canza launi, ko take ɗaci, a tsince a zubar. Kada a ce ai ta ƙuli ce, kada a ce ai ta kunun yara ce. Wake kuwa, don Allah a bar zuba masa fiya-fiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda irin wannan magani da anka samu a ciki ya wuce ƙima. Abin da wasu sunka ƙi ba 'ya'yansu, mu ma kada mu ba namu. Akwai buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. In an ɗaure kowanne tam, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu ba tare da magani ba. Jarka mai tsabta da anka cika ta har baki anka toshe ita ma tana yin wannan aiki.

To, wata za ta ce, duk mun san wannan, me ya hana mu yi tun da? Abu uku ne. Lokacin da kaya ke araha, lokacin ne babu kuɗi a hannu. Mace ɗaya ba ta da wurin ajiya. Kuma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya mai goyo da girki da ɗiban ruwa. Talaka yana sayen ƙulli-ƙulli ne don abin da ke hannunsa ke nan, ba don bai san mudu ya fi araha ba. A nan ƙungiya ke da amfani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Itacen da zai dafa kalwar gida ɗaya, in an ƙara kaɗan zai dafa ta gida biyar. Mai inji in an kai masa buhu, farashinsa daban da na mai kwano. Mota ɗaya za ta ɗauko wa mata ashirin kaya daga Jega ko Aliero, maimakon kowace ta biya nata kuɗin.

Ku sani, irin ƙungiyarmu ma a kan cefane ta samo asali. A 1844, a garin Rochdale na ƙasar Ingila, wasu ma'aikata 28, da yawansu masaƙa, tsada da algus da tauye mudu sunka ishe su. Sunka tara 'yan kuɗinsu sunka buɗe ɗan shago a watan Disamba na shekarar. Kayan da ke ciki fulawa ne da sukari da man shanu da garin kunu da 'yan kyandirori. Ƙa'idarsu: kaya mai kyau, awo cikakke, kowane mamba ƙuri'a ɗaya, riba kuma a raba gwargwadon sayayyar kowa. A kan waɗannan ƙa'idoji ƙungiyoyin gama kai na duniya sunka ginu, har Najeriya ta yi dokarsu a 1935. Mu nan ƙasar Gwandu ma ba baƙi ba ne wajen haɗa kan mata. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, jajis na tafiya daga ƙauyuka su ɗauko karatu su kawo wa 'yan'uwansu har gida. Ilimin da ke hannun mace ɗaya ya zama na mata ɗari. Haka muke so sanin daudawa da kauɗa da garin kunu ya zagaya a tsakaninmu.

Ga abin da kwamiti ke kawowa gaban zauren nan, ku duba, ku gyara, ku yanke.

Ɗaya, kowace mamba ta rubuta duk abin da anka saya na cefane a gidanta tsawon wata ɗaya, komai ƙanƙantarsa. Wadda ba ta rubutun boko ta yi da ajami, ko ɗanta ɗan makaranta ya rubuta mata. Da wannan za mu san abu ukun da sunka fi cin kuɗi, mu fara da su.

Biyu, a ware asusun kaka daban da adashi. A riƙa zuba kaɗan-kaɗan tun daga yanzu, kada a taɓa shi don biki ko anko. Da shi za a sayi gyaɗa da waken suya da gero da kaka, tumatir da tattasai da albasa kuma da rani lokacin da sunka yi yawa.

Uku, a kasa mu rukuni-rukuni bisa unguwa, kowane rukuni da aikinsa da ranarsa, kuma a sa tsohuwa ɗaya gwana ta jagoranci kowanne.

Huɗu, awo a bainar jama'a. Mudu ɗaya za a yi amfani da shi wajen karɓa da wajen rabo, a rubuta a littafi, mutum biyu su shaida. Ƙungiyoyi da yawa zargi ne ya rusa su, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Biyar, gida tukuna. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. In mun wadatu har ya yi saura, sai a yi maganar sayarwa. Ranar da munka ce za mu ƙulla a leda da suna mu kai shagunan Jega ko Birnin Kebbi, to sai mun nemi rajistar hukumar NAFDAC, mu bi ƙa'ida.

Iyayen gida, mazajenmu, muna da roƙo biyu gare ku, cikin girmamawa. Ciyarwa nauyi ne da Allah ya ɗora muku, mun kuma san kuna ƙoƙari a wannan lokaci mai wuya. In uwargida ta tsaya gaban wuta ta rage kuɗin miya, don Allah kada a zabge kuɗin cefane a ce ai yanzu ta iya. In an yi haka, ta yi wahalar banza, baɗi kuma ba za ta sake ba. A bar rarar ta koma ƙwai ko kifi a kwanon yara, ko littafin makaranta, ko asusun kaka. Na biyu, ranar da kunka kwashe amfanin gona, a ware na gida kafin a kira dillali. Kwando biyu na tumatir da buhun gyaɗa da anka bari a gida sun fi kuɗinsu amfani in damina ta yi nisa.

Mu ma mata akwai namu. Wannan aiki kada ya zama dalilin cire yarinya daga aji a ɗora mata tallar ƙuli. Ta koya a hannunmu ranar da babu makaranta, domin sana'a ce da za ta tafi da ita ɗakinta. Amma lokacin karatu na karatu ne, na boko da na Islamiyya.

Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, muna so ma'aji ta tashi da littafi biyu: na adashi, da na abin da kowane rukuni ya haɗa da kuɗin da ya tsaya a gidaje. Wadda ta shirya shiga rukuni ta ba magatakarda sunanta kafin a watse.

Allah shi sa albarka a gonakinmu da tukwanenmu, shi ba mazajenmu abin ciyar da mu ta hanyar halal, shi raya mana zuri'a, shi ba mu lafiya da zaman lafiya a Kebbi da Najeriya baki ɗaya. Baƙinmu, Allah shi maida kowa gida lafiya.